Sunan Baba ya ɓace daga kwamfuta

Jama'a, yau na fasa wa yayana baki, ku ji dalili!

Na dawo daga coci, na kunna tsohuwar kwamfutar gidanmu don in ji muryar marigayi Baba. Duk waƙoƙin da ya rera a kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, suna cikin akawun ɗinsa. Sai na ga babu sunansa! Na kashe na kunna har sau uku. Na buga fasawod ɗinsa a akawun ɗin da ya rage, ta ƙi buɗewa.

Yaya Bulus ya shigo, ya ce, "Ni na cire."

Ban san lokacin da na maka masa kujera ba. Jini! Ya shaƙe ni, muka yi kan tebur, kwamfuta ta faɗo ta tarwatse a siminti.

Mama ta fito da gudu. "Ladi, ku bari! Ni na sa shi. Duk ranar da na ga sunan babanku a wurin, ba na iya cin abinci."

Yaya Bulus ya tofar da jini, ya ce, "Ɓoyewa kawai na yi, ban goge ba. Komai na ciki."

Mu uku muka juya muka kalli ƙasa, inda kwamfutar ta tarwatse.