Bajamushen da Ya Ƙera Kartaji

Malam Abdulshakur Maigandi ya san shekarar da aka ƙago ashana. Ya san ta biro, da ta wayar tarho, da ta ƙwan lantarki, kuma duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi a gidan suna ko a layin karɓar fansho sai ya san su shi ma, ko yana so ko ba ya so. Shekara talatin da biyar ya yi yana akawun sito a wata ma'aikata a Sakkwato, kuma a tsawon shekarun nan babu mai cewa ya taɓa ganin ya ɗaure ko da ƙusar kujera. Abin da ya fito da shi daga aikin gwamnati shi ne ciwon baya da wani littafi mai koren bango, wanda ya cika da kwanakin wata da ya kwafo daga wani tsohon kundin Turanci da gara ta fara ci a kusurwar siton.

Kada a ɗauka son ilimi ne. Bai taɓa zama ya tambayi kansa me ke sa ashana kamawa in an ƙyasta ba. Shekarar kawai yake so, domin shekara sanda ce, ana iya buga wa mutum ita a ka a gaban jama'a kuma ba a kai ka wurin alƙali.

Sunan da aka raɗa masa ranar suna Abdulshakur ɗin ne, amma babu wanda ya taɓa kiransa da shi a shiyar Majema inda aka haife shi. Audi ne. Ubansa majemi ne, kakansa majemi, wansa Mode har gobe yana tsaye a bakin ramin jima da hannuwa jajaye kamar ya tsoma su a jini. Audi kaɗai aka kai boko, wai warin ɗanyar fata na tayar masa da zuciya, sauran kuwa suka ci gaba da shaƙar warin don a saya masa littafi da takalmi. A sakandare wani yaro ɗan gidan alƙali ya taɓa toshe hanci da Audi ya wuce. Sau ɗaya tak aka yi. Yaron ya manta kafin a tashi tara, Audi kuwa ya gina rayuwarsa gaba ɗaya a kan wannan toshe hancin. Da aka zo cika takardar jarrabawa ya jefar da Majema daga sunansa, ya ɗauko Maigandi a jikin allon wani shagon magani, ya liƙa.

Da ya sami fili a unguwar Arkilla ya gina ɗaki uku, sai ya sami kakanni su ma. Malamai ne na Ƙofar Dundaye, in ji shi, gidansu gidan littafi ne, abin takaici gobara ta cinye littattafan. Majema kuwa sau biyu yake zuwa a shekara, ranar Salla, ya ajiye babur can nesa, ya gaisa a tsaye, ya dawo ya cika jikinsa da turare har sai matarsa Dijatu ta buɗe taga. Ita ta san komai. Ta daɗe da gano cewa shiru ya fi mata arha.

A Arkilla akwai majalisa a ƙofar gidan Alhaji Jelani, tsohon darakta, inda manyan da suka ajiye aiki ke taruwa bayan La'asar a kan tabarmi da kujerun roba. Akawun sito ba shi da wurin zama a cikin daraktoci da manyan sakatarori. Da littafin nan mai koren bango ya sayi wurinsa.

"Ranka ya daɗe, wannan biron da ke aljihunka, ko ka san shekararsa?"

"Malam Abdulshakur, ni dai na san rubutu nika yi da shi," in ji Alhaji Jelani.

"Alif ɗari tara da talatin da takwas!" Sai ya waiga ya dubi kowa, kamar wanda ya kayar da ɗan kokawa.

Su kuma suka bar shi, yadda ake barin rediyo a kunne ana hira. Shi a ganinsa tsoronsa suke ji. Duk abin da yake da shi a duniya shi ne wannan tabarmar da kuma kakannin nan na Ƙofar Dundaye da yake zaune a kansu, kuma kullum ya kwanta sai ya lissafa wa zai iya janye su.

Ana nan sai wani gidan rediyo mai zaman kansa ya fara shirin kacici-kacici duk hantsin Asabar, mai suna Wa Ya Fara? Wata matashiya Zakiyya ke gabatarwa. Tambayoyin duk irin nasa ne, wa ya ƙago kaza, a wace ƙasa, a wace shekara. Malam Abdulshakur ya ji kamar don shi aka buɗe tashar. Wata bakwai yana bugo waya, yana ci, yana gyara wa Zakiyya lafazi, da wata irin Hausar Kano ta karanta labarai wadda ba ya yi wa Dijatu ko ranar Juma'a. Da aka zo zagayen ƙarshe mutum biyu suka rage, aka kira su cikin tashar. Wanda ya ci zai zauna kujerar alƙalin shirin shekara guda. Tun saura mako biyu ya kai ɗinkin babbar riga, ya kuma bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya yana tuna musu lokaci.

Abokin karawarsa shi ya fi ɓata masa rai. Sirajo, tela ne daga Ƙofar Rini, ƙato mai yawan dariya, wanda ya tsinci abin da ya sani a waya yana taka keke. Ya zo da zare a maƙale a kafaɗar rigarsa.

"Baba, ina kwana? Yau dai a yi mamu sauƙi, mu ɗiyanku na."

"Ilimi ba ya da ɗa," in ji Malam Abdulshakur, bai dube shi ba.

Aka zaunar da su a wani ɗaki mai sanyi, tebur a tsakani, kowa da abin magana a gabansa. Zakiyya ta fara. Wayar tarho? Alif ɗari takwas da saba'in da shida, Malam ya cafe tun ba ta rufe baki ba. Ashana? Ingila, alif ɗari takwas da ashirin da shida. Amma telan nan ba ya faɗuwa. Duk wadda aka jefa masa sai ya sosa ƙeya, ya ce "to, bari in gwada, Hajiya," ya faɗi daidai, ya yi dariya kamar shi ma abin ya ba shi mamaki. Tara da tara. Gumi ya fara tsattsafo wa Malam Abdulshakur a ƙarƙashin sabuwar riga, duk da sanyin ɗakin.

"Masu sauraro sun yi ta ƙorafi," in ji Zakiyya, "wai kullum Ingila, kullum Amurka, kamar mu nan ba mu taɓa ƙago ko da cokali ba. To tambayar ƙarshe ta gida ce. Zan ɗora wani abu a kan tebur. A gaya mini sunansa da aikinsa."

Ta sunkuya ta zaro shi daga buhu. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ne, tsawonsa kamar kamu ɗaya, da mariƙin itace a kowane gefe, itacen ya yi baƙi ya yi santsi saboda hannu. Kartaji. Da shi majema ke kankare gashi daga jikin fata bayan ta kwana a ruwan toka, kafin a kai ta ga bagaruwa.

Hannuwan Malam Abdulshakur ba su yi shawara da shi ba. Kafin ya ankara sun kama mariƙan biyu, manyan yatsu a sama, bakin ƙarfen ya karkata waje daidai yadda ake ɗora shi a kan fata. A mariƙin hagu akwai wani ɗan tabon wuta mai kama da ƙwayar wake. Ya san tabon. Ya saki ƙarfen kamar ya taɓa garwashi.

"Sirajo, kai ke da fari."

Telan ya juya shi, ya shinshina, ya yamutsa fuska. "Wallahi Hajiya ban san shi ba. Wari dai garai. Na bar ma Baba."

Kalma ɗaya ta rage tsakanin Malam Abdulshakur da kujerar alƙali. Kuma da ya faɗe ta, babu mahaluƙin da zai ɗaga kai. Tsoho ɗan Sakkwato ya san kartaji, ina abin mamaki? Ko jikan malamai yana wucewa ta Majema in zai je kasuwa. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. A cikin kansa ya riga ya ga Alhaji Jelani ya matso da rediyo kusa da kunne, ya ga ya ɗaga gira, ya ji yana cewa, ashe? A ina ya san wannan? Cewa ban sani ba kuma, kamar yadda telan ya ce, wannan bakinsa bai taɓa koyo ba.

Sai ya gyara zama, ya gyara murya.

"Wannan ƙarfe," ya ce, "ba na gida ba ne, an yi kuskure. Wani Bajamushe ne ya ƙago shi, sunansa Mista Hansi, a alif ɗari takwas da biyu. Da shi ake kankare katakon jirgin ruwa. Fatake ne suka shigo da shi ƙasar nan."

Zakiyya ta dubi takardarta, ta dube shi. Ta ce, "To. Mai wannan kaya da ya ara mana yana kan layi, shi zai raba gardama. Baba Mode na shiyar Majema, kana ji na?"

Muryar ta cika ɗakin, kakkaura, da hayaniyar mutane a bayanta.

"Ina jinki, ɗiyata. Audi! Audi, kai na? Tun sahe nit tara mutane bakin rami, muka aje aiki, ina ta hwaɗa masu ku saurara, wanga mai ci ƙanena na, uwa ɗaya uba ɗaya. Dut tambayar da kac ci sai mun yi kabbara. To mi a wanga kuma?"

Mode ya ci gaba.

"Kartaji na, ɗiyata. Na babanmu na. Tambari maƙeri yaƙ ƙera shi, ga ɗiyanai nan da ransu, a je a tambaya. Shekara ban iya hwaɗa maki da lamba ba, amma damanar da anka haihi Audi ta. Wanga tabo na hannun hagu, shi da kainai yas sa shi wuta yana ƙarami, Baba yab bi shi da gudu har bakin masallaci. Audi, wane Bajamushe? Yaushe Bajamushe yash sha hura gidanmu?"

Wani a bayan Mode ya fashe da dariya, aka ce masa ya yi shiru. Mode ya yi wa Zakiyya godiya, ya ce in an gama a mayar masa da ƙarfensa domin akwai fata arba'in a jiƙe.

Sauran bai ɗauki lokaci ba. Dokar shirin ita ce wanda ya ce bai sani ba ba ya asarar komai, wanda ya faɗi ba daidai ba a zare masa maki ɗaya. Malam Abdulshakur ne da kansa ya rubuto wasiƙa mai shafi uku a watan farko yana neman a kafa ta, don maganin masu cinta-cinta. Sirajo tara, Malam takwas. Telan ya miƙo hannu biyu yana cewa "Baba a yi haƙuri, sa'a ta," aka bar shi da hannuwa a iska.

Kwana huɗu bai leƙa waje ba. Ya ce zazzaɓi ne. A rana ta biyar Dijatu ta ɗaga labule ta ce, "Malam, zazzaɓin da ke cin tuwo malmala biyu ai ya kamata ya sha iska." Ya sa tsohuwar riga, ya tafi majalisa da jawabinsa a shirye: Mode ɗan riƙo ne, tsufa ya taɓa shi, gidan rediyon ma an haɗa baki da su.

Bai sami inda zai sauke jawabin ba. Aka amsa sallamarsa, aka matsa masa a tabarma, aka ci gaba da zancen tsadar taki. Sai da ya kasa daurewa ya fara, "Game da abin da ya faru ranar Asabar, ranka ya daɗe..."

"Wai zancen Majema?" in ji Alhaji Jelani, yana ɓare goro. "Haba Malam. Ni fa ɗan Ƙofar Dundaye na, can anka yanke man cibi. Gidan malamai nawa ag garemu da ban san su ba? Tun ran da kaz zo muka sani. Babanka shi ka kawo ma babana buzun salla."

"To me ya sa ba ku taɓa..."

"Wa zai tsaya? Kai kaɗai abin yad dama."

Shekara ashirin yana gadin ƙofar da babu wanda ya taɓa sha'awar buɗewa. Ya zauna yana kallon tabarma. Can Alhaji Jelani ya tuɓe takalminsa na dama, ya tura masa da ƙafa.

"Tunda an huta, Audi, duba man wanga. Yaron da yas sayar man yar rantse hwatar akuya ta. Ni ko ina shakka."

Malam Abdulshakur ya so ya ce shi bai san fata ba. Majalisa duk ta zuba masa ido. Ya ɗauki takalmin, ya lanƙwasa shi, ya murza bakin da babban yatsa, ya kai hanci.

"Roba ta," ya ce. "An cuce ka."