Luka Mai Gyaran Talabijin, da Talabijin ɗin Amarya

Shekara talatin Malam Luka yana buɗe rumfarsa a Talata Mafara da hantsi, ya share, ya maƙala tabarau. Duk wanda ya kawo masa talabijin ɗin da ya ƙi kamawa, ba ya saurin kwance shi. Sai ya duba wuta, ya bi waya, ya gwada soket tukuna. Talabijin ɗin da ya gyara kuma, yakan rubuta sunansa da kwanan wata a ciki. Yanzu ido ya yi rauni, zai rufe rumfar.

Ɗantani, wani manomi a Dakko, shi ya fi kowa jin nauyin wannan labari. Ya taɓa tsayawa a tsakiyar kasuwa yana cewa Luka na sace kayan cikin talabijin, alhali bai gani ba, ji kawai ya yi.

Ranar jeren 'yarsa Mufida a Bakura, talabijin ɗin da ya saya mata ya ƙi kamawa. Ya riga ya cika baki gaban dangin ango cewa sabo ne dal daga Sakkwato, nan kuwa kwance ne, wani ya riga ya yi amfani da shi. Kafin ya hana, an kira Luka.

Luka ya duba janareta da waya, lafiya lau. Da ya buɗe bayan, sai ga rubutun hannunsa na shekara shida baya. Ɗantani na tsaye a kansa, shi ma ya gani, gumi ya karyo masa. Mata sun cika ƙofa, gwaggon ango ta ce, "Malam Luka, sabo ma yana haka? Mi as same shi?"

"Girgizar hanya ce ta saki waya ɗaya, Hajiya," in ji Luka. Gaskiya ya faɗa, kuma bai ƙara ba. Ya liƙe wayar, ya rufe, hoto ya fito.

Ɗantani ya raka shi har bakin babur cikin kunya. Luka ya yi wa amarya addu'ar zaman lafiya, ya tafi.

Malam Luka, kai ne ka rufa asirin wanda ya tozarta ka. Mun gode, Allah ya saka. Masu sana'a su koyi riƙe baki irin naka. Ɗantani da kansa ya roƙa a rubuta wannan, ya kuma ce kada a sakaya sunansa.