Saura Mako Biyar Takardar Kawu Ta Nuna

Kawuna Badaru ɗan Jazira ne, yankin noman auduga. Mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa yana tsinkar auduga a gonakin mutane, ana biyansa kwando-kwando, ranar rabon kuɗin amfani kuwa sai dai ya hango daga nesa. Shi Kawu ya gudo birni tun yana saurayi, ya shekara ashirin da shida a gaban injin matsar riɗi a wata masana'anta da ke unguwar Alshajara. Kullum bas biyu yake hawa daga Umdurman, kuma ko sau nawa aka wanke rigarsa ba ta rabuwa da ƙamshin mai. Shi ya roƙa mini aiki a ofishin asusun kamfanin.

A 2004 ma'aikata suka nemi ƙarin albashi, sai aka ba tsofaffin cikinsu takarda. Ta ce duk wanda ya ƙara shekara biyar a bakin aiki zai iya sayen hannun jari a farashin ranar da aka rubuta ta, komai tashin da ya yi. Wasu suka yi tsaki. Kawu kuwa ya naɗe tasa a leda ya sa a ƙasan akwati, ya shiga lissafin watanni kamar mai juna biyu. Matarsa Kande har tsokanarsa take yi, wai a buɗe wa mai kamfani ƙofa. Shi ba riba ta dame shi ba. So yake a yi rabo sau ɗaya da sunan gidansu a ciki.

A shekara ta biyar masu binciken asusu suka ce alkawarin nan ba kyauta ba ne, dole a ƙiyasta darajarsa a rubuta shi cikin kuɗin da aka kashe, kamar albashi. Ko sisi bai fita daga kamfanin ba, amma ribar da ake taƙama da ita ta zube a takarda. Banki ya fara tambaya, masu kamfani suka daina gaisa mu.

Wata rana shugaban ofishinmu ya yi mini bayanin sauran ƙa'idar. Idan ma'aikaci ya bar aiki kafin shekara biyar ta cika, takardarsa ta mutu, abin da aka rubuta a kansa kuma a mayar da shi cikin riba. Ya faɗi haka yana juya cokali a shayi. Tun daga ranar, duk takardar da aka ajiye a teburina sai in fara duba ko da sunan Kawu a ciki. Kawu kuma ya leƙo ta taga da azahar ya ɗaga mini yatsu, saura wata huɗu, saura uku. Na kasa gaya masa, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Sunayen waɗanda za a sallama suka fito, mutum talatin da ɗaya, duk masu takarda. Nasa ne na tara. Ranarsa ta ƙarshe ta faɗo saura mako biyar shekara biyar ɗin ta cika.

Ran Juma'a na je gidansa. Na same shi a tsakar gida da takardar a kan gwiwa, na yi masa bayani tiryan-tiryan, bai katse ni ba.

"Awadiyya, wa zai rubuta mayar da nawa cikin riba?"

"Ni ce, Kawu."

"To, ki rubuta da kyau, *ya bitti*, 'yata, kada su ce 'yar Badaru ba ta iya aiki ba."

Ya mayar da takardar cikin leda a hankali, ya gyara bakinta. Kande na bakin murhu ta juya mana baya, ta daɗe tana fifita wutar da ta riga ta kama.

"Babana ma ba a taɓa rabo da shi ba," in ji Kawu. "Amma shi ba wanda ya sa shi ƙirga watanni."