Kwaɗon Filasko a Zauren Surukai

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da na sani, ranar da na ci kwaɗo a zauren surukaina ba za ta bar kaina ba.

A shekarun da aka fara shari'a ne, lokacin da aka daina zancen dare, saurayi sai ya je da rana tsaka kowa na ganinsa. Ina neman 'yar wani malami a wani ƙauye da ke gindin duwatsu, kusa da Dutsi. Yarinyar a birnin Daura ta tashi wajen gwaggonta, ba ta daɗe da dawowa gida ba. Mahaifinta kuwa ya aiko cewa in zo ran Laraba ya gwada karatuna, in na ci a ba ni ita, in na faɗi in nemi wata.

Da hantsi na isa a kan babur. Kakarta na zaune a bakin zaure tana gadinmu, sai ga mutuniyar da kwano cike da kwaɗo ya sha ƙuliƙuli, ta maƙala wani reshe mai fure a gefen faifan don kwalliya.

Ta ce, "Malam, kwaɗon tafasa ne. Ni da kaina na hau dutse na tsinko. Kakata ta ce in nemi mai fure rawaya."

Ina kallon reshen gabana ya faɗi. Ni ɗan manomi ne, na san tafasa tsaye take, ganyenta shida-shida, furenta bibbiyu a hammatar ganye, 'ya'yanta dogaye sirara. Wannan kuwa furen ya yi jere a kan tsinke guda, ganyen ƙanana masu toka-toka, ga ɗansa mai faɗi a lanƙwashe kamar lauje. Filasko ne, wanda ake jiƙa wa mai cushewar ciki ɗan kaɗan ya kwana yana zarya.

To, wa zai ce wa budurwa girkinta na farko maganin wankin ciki ne? Ga tsohuwa, wadda idonta ya yi rauni, sai zuga take, "Ci mana, angona, ko raina mu ka yi?" Na yi bismilla na ci. Da na yaba, aka ƙara mini.

Bayan la'asar Malam, mahaifinta, ya shigo ya zauna a kan buzu, littattafai tuli a gabansa. Daidai lokacin cikina ya fara ƙugi. Kuma kowa ya sani, gara mutum ya mutu a zaune da ya tambayi hanyar bayan gida a gidan surukai. Gumi ya jiƙa mini hula. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga aure da mutunci za su kuɓuce mini tare.

Ya ce, "Yaro, kawo mini abubuwan da ke warware alwala."

Ban taɓa amsa tambaya da yaƙini irin na ranar ba. Ya buɗe baki zai yi ta biyu, sai na ji wani ƙugi ya tashi, kuma wallahi ba daga cikina ba ne. Malam ya gyara zama. Ya sake gyarawa. Muka kalli juna, kowa ya sunkuyar da kai. Ashe shi ma an kai masa nasa kwanon, har da ƙari.

Ya rufe littafi ya ce, "Karatunka ya yi. Na ba ka ita. Tashi ka tafi, Allah ya yi albarka." Ko fatiha ba mu ƙarasa shafawa ba ya shige gida da takalmi ɗaya. Ni ma ban tsaya tayar da babur ba, gonar gero na nufa.

Tun daga ranar na gane fure ba ya isa shaida, sai an duba ganye da 'ya'ya, kuma kara in ta yi yawa ciki ne ke biyan bashinta. Yau 'ya'yanmu sun girma, amma har gobe in za a yi kwaɗo a gidana, ni ke hawa dutse.