Rawar Iya Caina a Agege

Bana shekara goma ke nan da rasuwar Iya Caina, kuma ina so masu karatu su sani tun daga farko cewa duk faɗin Ikko, daga Abule Egba har bakin teku, ba ta bar ɗalibin da ya kama ƙafata ba. Ni ne ɗalibinta na fari. Ni ne kuma, in za a bi gaskiya, wanda ta fara cewa ya koma gefe ya riƙe mata jaka.

Sunanta na yanka ya fi ƙarfin harshenmu, Yarbawan kasuwa ne suka raɗa mata wannan, mu ma muka bi. Ta zo ne daga ƙasar Sin, wato Caina, jim kaɗan bayan samun 'yancin kai, tare da mijinta, injiniya a wata masana'antar kwanon tasa a Ikeja. A ƙasar Sin malamar rawar gargajiya ce. Ƙuruciyarta duk ta ƙare ne a bin ƙauyuka, tana koyon rawar manoma a wurin tsofaffi, tana dawowa birni ta koya wa ɗalibai.

Ni mahauci ne, kuma a teburina take sayen jelar saniya. Wata rana mai kalangu ya tsaya yana yi mini kirari, na ajiye wuƙa na taka rawar da aka ji girgizarta har Oyingbo. Ta tsaya ta gama kallo, sannan ta ce da gurguwar Hausarta, "Malam Tanko, kiɗa mai kyau." Ba ta ce komai a kan rawar ba.

Daga baya na gane abin da ke cinta. Akwai wata rawa ta ƙauyen mahaifiyarta, da ake yi da jan hankici a kowane hannu: a yi gaba kamar za a tafi, a dawo baya kamar an yi mantuwa, hankicin na juyawa a kan yatsa. Ba ta da 'ya, hanyar komawa gida ta toshe musu, gwiwarta kuma ta fara ciwo. Tana neman jikin da za ta bar wa rawar kafin nata ya gaza.

Sai ta ce za ta buɗe aji. Na bi gidajen Agege ina tallar ajin har takalmina ya huje, amma ko uba ɗaya bai ba da 'yarsa ba. Wani dattijo mai fataucin shanu ya ce da ni, "Tanko, makarantar rawa? In ta gama kuma, wane aiki za a ɗauke ta?"

Uwargidana Hajara ce ta warware mana. Ta ce, "Iya, mu nan ba a koya wa yarinya rawa. Da ido take ɗauka. Ki zo tsakar gidanmu bayan la'asar ki yi abinki, kada ki kira kowa, kada kuma ki gyara wa kowa."

Hana gyaran nan shi ya fi yi mata wuya. Mace ce da ta saba jera ɗalibai sahu, tana ɗaga gwiwar hannun wannan, tana sauke kafaɗar wancan. Ga shi tana rawa ita kaɗai kusa da turmi, 'yan mata na leƙe suna ƙunshe dariya. Ba a jima ba suka fara kwaikwayonta don tsokana, daga tsokana abin ya shiga gaɗa. Suka yar da hankici suka ɗauki ɗankwali, suka ƙara tafi, suka sa ƙugu irin na maƙwabtanmu Yarbawa. Na sha ganinta tana kallonsu hannayenta a bayanta, ɗaya riƙe da ɗaya, kamar mai tsare su kada su kai gyara.

Yau da kuɗin mai ya shigo, biki ya koma na lasifika da garmaho, matasa suna tsalle da wando mai faɗin ƙafa da zai share kasuwar Agege a tafiya ɗaya. Nakan tambayi kaina me Iya za ta ce da tana raye. Ina jin ba za ta yi faɗa ba, za ta tsaya ne ta duba ƙafafu. Kuma za ta ga abin da na gani a wani biki kwanan baya: matan aure, 'yan matan jiya, suna gaba suna baya, ɗankwali na juyawa a yatsa. Na ce da ɗaya daga cikinsu rawar nan daga Sin ta zo. Ta rantse mini ta kakarta ce ta Kano.

Na so in ji haushi, sai na kasa. Sunanta ya ɓace, hankicin ya ɓace, kiɗan ma ba nata ba ne. Amma ai ba suna ta zo nema wa wuri ba. Abin da ta ji tsoron a binne da ita yana nan yana yawo a ƙafafun matan da ba su san ta ba.

Da ciwo ya kwantar da ita, mun je dubiya ni da Hajara. Na ga ta rame, na so in kwantar mata da hankali, na bugi ƙirji na ce, "Iya, kada ki damu. Muddin ina numfashi, rawar nan ba za ta mutu ba. Kullum zan yi ta a gaban jama'a."

Ta kama hannuna, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Malam Tanko, don Allah, in kana so ta rayu, kai dai ka riƙa yin tafi."