Mai Goge Allon da Ya Ajiye Lissafi a Igiya

Ƙarfe shida da rabi yake shiga sashen lissafi na jami'a, bokiti a hannu, tsumma a kafaɗa. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ɗalibai Baba Tsumma suke ce masa, ni kuwa surukina ne. Aikinsa goge allo, ban da wanda aka rubuta wa "Kar a goge". Bai yi boko ba, amma ya san siffar kalmomin nan uku kamar fuskar 'ya'yansa.

Ni da na ɗauka lissafi ya ƙare a kan sau da rabawa. Ashe a benen nan akwai mai binciken yadda annoba ke yaɗuwa, da mai lissafin cunkoson motoci, da wani da ya yi furfura a kan lambobin da ba sa rabuwa. Wadda ta fi girgiza ni wata ɗaliba ce da ta shekara huɗu tana nazarin ƙulli. Ƙullin igiya fa! Wai ta gane wanne ne na gaske, wanne ne zai warware in an girgiza shi.

Saura kwana biyar ta tsaya gaban masu jarraba ta, ita da farfesanta suka cika allo da zanen ƙulli goma sha ɗaya, ƙarshen aikinta ke nan. Kowa ya zaci ɗayan ya ɗauki hoto, kowa ya zaci ɗayan ya rubuta gargaɗin. Da safe Baba ya duba, bai ga kalmomin ba, ya goge allon tas.

Sakatariyar sashen ta ce a ƙasa yarinyar ta zube.

"Baba, ka kashe ni!"

"Tashi, 'yata," in ji shi. "Macizan nan naki? Ai suna ɗakina."

Farfesa ya ce, "Tsumma, kiwon maciji kuma ka fara a sashena?"

Baba ya buɗe musu ɗakin tsintsiya. Jama'a, igiyoyin shanya ne rataye a ƙusoshi, bango guda! Ashe duk ƙullin da aka zana, sai ya ƙulla irinsa da igiya, ya ɗinke bakinta biyu, kafin ya sa tsumma. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya sani. Na jiya suna jere yadda suke a allon.

Baba ya ce, "Amma na bakwai ɗin nan maƙaryaci ne, ranka ya daɗe. Duba."

Ya girgiza igiyar, ta warware ta koma zobe. Farfesa ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna a kan bokiti. Kuskure ne da masu jarrabawa za su kayar da ita a kansa. Kwana huɗu ta yi tana gyara, ta tsaya gabansu, ta ci.

Kai ne, Baba, mai hannun da ba ya goge abu sai ya san shi. Ran Juma'a za ka ajiye tsumma, amma takardar sallamarka "leburan shara" kawai ta ce.

Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma da aka damƙa wa ƙaramin aiki, ku tsaya ku dubi abin da ke gabanku da kyau kafin ku share shi.