Kumburi Ne, Ba Ƙiba Ba

Assalamu alaikum. Masu tambayar inda na shige tun bara, ga ni. Ban mutu ba, amma saura kaɗan. Na sha fara rubutun nan ina gogewa saboda takaici.

Sunana Hafsatu, 'yar Gummi. Siririya ce ni tun ina ƙarama, kamar Innata. Ba na ciwo. Ina cin tuwo in ƙara, ina ɗebo ruwa, ina gudu a makaranta.

Da na kai sha shida sai jikina ya zama abin hira. Gidan biki, gidan suna. "Tsinke." "Iska za ta ɗauke ki." Manyan mata masu jikoki ke faɗa suna dariya.

Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba da ke aure a Bukkuyum, ta zo mana. Ta ɗaga hannuna a gaban mutane ta ce wa Inna, "Wagga ɗiya ko abinci kuka hana mata? Sai a ce gidan ɗan'uwana babu hatsi."

Inna ta sunkuyar da kai, kunyar dangin miji.

Zuwanta na gaba ta kawo ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, ba kwali, ba suna. Wajen wani mai tallar magani a kasuwa ta saya. Sha-ka-fashe ake ce musu. Ta ce, "Sha, ɗiyata. 'Yan matan garinmu duk shi ag gyara su."

Na sha. Yarinya ce ni, na gaji da dariya.

Ba a daɗe ba yunwa ta buɗe, kumatu suka fito. Waɗanda suka zage ni suka koma yabo. "Masha Allah, Hafsi ta zama mace!" In ƙwayoyin sun ƙare, Gwaggo ta aiko da wasu a motar kasuwa.

Sai abubuwa suka fara. Fuska ta yi faɗi, ciki ya turo, amma ƙafafu suna ƙara sirancewa. Nankarwa ja ta tsattsage mini ciki da cinya. Al'adata ta ɗauke. Ƙishirwa ba ta yankewa, fitsari kuma kamar an kunna famfo. In na tsuguna wanke-wanke, sai na dafa bango nake miƙewa.

Na tsorata, na watsa sauran ƙwayoyin a masai. Ban san tsayar da su rana ɗaya shi ma haɗari ba ne. Wa zai gaya mini? Mai talla?

Amai ya fara, ga jiri. Ina layin taron safe a makaranta na yanke jiki na faɗi.

A asibitin garinmu aka sa mini ƙarin ruwa, aka ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai, a wuce da ni Sakkwato. Ina kwance kan cinyar Inna a mota, ina jin tana ta salati, ni kuwa na saddaƙar ba zan dawo ba.

Can aka ɗebi jini, aka ɗebi fitsari, kullum a huda yatsa a auna suga. Likitar, wata mace mai gilashi, ta duba cikina ta tambayi Inna, "Me take sha?"

Da aka kwatanta mata, ta ajiye biro.

"Wannan maganin masu ciwo mai tsanani ne, mu ma da lissafi muke ba da shi. Abin da kuke gani kumburi ne, ba ƙiba ba. Ya tayar mata da suga, ya cinye naman ƙafafunta."

Inna ta nuna mata hotona na da a waya. Ta kalla ta ce, "Wannan yarinyar lafiyarta lau. Me kuka gani kuka taɓa ta?"

Ranar na ga Inna ta yi kukan da ban taɓa gani ba.

Abin haushi, sai da aka mayar da ni kan irin maganin, ana rage shi kaɗan-kaɗan har jikina ya koyi aiki ba shi. Baba ya sayar da shinkafar da ya noma a fadama tun ba ta yi daraja ba, duk ta tafi a gwaji da magani. Jarrabawa ta wuce ni. Ƙawayena sun gama, ni ina maimaita aji.

Da muka dawo gida, Gwaggo ta zo dubiya. Ta dube ni ta ce, "Oh, ɗiyag ga ta koma ramewa."

Baba, wanda bai taɓa ɗaga mata murya ba, ya ce, "Asabe, ishe haka nan. Kada ki sake magana bisa jikin ɗiyata."

Yanzu alhamdu lillahi suga ya daidaita, al'ada ta dawo. Ina cin abincin gida: tuwo, wake, kifi, kwaɗon zogale, nono. Ina tafiya makaranta a ƙafa, ƙarfi na dawowa. Nankarwar dai an ce ba za ta tafi duka ba. Mai tallar kuwa, na ji yana nan yana cinikinsa.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna da Baba, da likitar nan, da nas-nas da suka yi haƙuri da kukana, da ku da kuka yi ta addu'a ba ku san me ke damuna ba.

'Yan'uwana matasa, kada ku sha komai don ƙiba ko don ramewa ba da sanin likita ba. In kun riga kun fara, kada ku daina kwatsam kamar ni, ku ɗauki maganin ku je asibiti da shi. In ramarku ko ƙibarku na damun ku, a auna ku a gani, jikinku bai gama girma ba.

Ku kuma iyayenmu da gwaggonninmu, don Allah ku kama bakinku. Ku kun yi dariyarku kun tashi. Mu muke kwana da ita.